Diana Golden

Diana Golden Brosnihan (an haife ta ranar 20 ga Maris, 1963, ta mutu ranar 25 ga Agusta, 2001) 'yar wasan tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara ce 'yar ƙasar Amurka, wadda ta yi tashe a rukunin naƙasassu daga 1986 zuwa 1990. An yanke mata ƙafar dama tana da shekara 12 sakamakon sankarar ƙashi, kuma da ƙafa ɗaya ta yi duk gasanninta. Ta ci lambar zinare 10 a matakin duniya da 19 a gasar ƙasar Amurka. Mafi shahara a cikin lambobinta ita ce wadda ta ci a birnin Calgary na Kanada, lokacin gasar Olamfik ta hunturu ta 1988.

Ban da yawan lambobi, ana tunawa da ita saboda tsayuwar da ta yi a kan a riƙa auna naƙasasshen ɗan wasa da mudun da ake auna kowane ɗan wasa. Ta yi tsere da masu ƙafa biyu, kuma hukumar wasan ta Amurka ta kafa wata doka mai ɗauke da sunanta, wadda ta buɗe wa naƙasassu hanyar shiga irin wannan tsere.

Farkon rayuwa

Diana Golden ta tashi ne a Lincoln, wani ƙaramin gari da ke yamma da birnin Boston a jihar Massachusetts, cikin yankin arewa maso gabashin Amurka da ake kira New England. Yanki ne mai tsananin sanyi, inda dusar ƙanƙara kan lulluɓe duwatsu na tsawon watanni a kowace shekara, yara kuma kan koyi zamiya tun suna ƙanana. Ita ma ta fara tana da shekara 5. Iyayenta sukan kai ta dutsen Cannon da ke jihar New Hampshire, inda akwai filin zamiya da ya daɗe da yin suna.

A 1975, tana da shekara 12, ƙafarta ta dama ta saki tana cikin tafiya bayan ta dawo daga zamiya. Da likitoci suka bincika sai suka gano sankara ce a ƙashi. Don kada cutar ta bazu zuwa sauran jiki, suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Abin da ta fara tambayar likitocin shi ne ko za ta iya komawa zamiya, suka ce mata za ta iya.

An yi mata ƙafar roba, ta koyi tafiya da ita. Daga nan ta koma kan dutse da taimakon wata ƙungiyar wasannin naƙasassu ta yankin New England. A wancan lokaci ire-iren waɗannan ƙungiyoyi a Amurka cike suke da tsofaffin sojojin da suka rasa gaɓoɓi a yaƙin Biyetnam, waɗanda suka koyi zamiya da ƙafa ɗaya suka kuma riƙa koya wa wasu.

Yadda wasan yake

Mai zamiya yakan ɗaura wani siririn falanki mai santsi a ƙarƙashin kowane takalmi, ya riƙe sanda a kowane hannu, sannan ya gangaro daga saman dutse a kan dusar ƙanƙara. A wajen gasa ɗaya bayan ɗaya ake sakin 'yan wasa, agogo ne ke raba gardama, kuma har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ana lissafawa. Ana kafa turaku masu tuta a kan hanya, wanda ya tsallake ɗaya bai zagaye shi ba an fitar da shi.

Manyan nau'o'in da Golden ta yi gasa a cikinsu uku ne. Akwai silalom, inda turakun ke kusa da juna, ɗan wasa yana ta karkacewa dama da hagu cikin hanzari. Akwai babban silalom, wanda tazarar turakunsa ta fi faɗi, gudunsa kuma ya fi ƙarfi. Sai tseren gangara, wanda ya fi kowanne tsawo da gudu da haɗari, domin ƙwararru kan zarce kilomita 100 a awa ɗaya. Akwai kuma gasar haɗaka, inda ake tara sakamakon ɗan wasa a nau'i fiye da ɗaya.

Mai ƙafa biyu yakan sauya nauyinsa daga wannan falanki zuwa wancan a kowace kwana, ƙafa ɗaya na aiki ɗaya na ɗan sarara. Wanda aka yanke wa ƙafa daga saman gwiwa kuwa yakan ajiye ƙafar roba ya hau falanki guda. Cinya ɗaya ce ke ɗaukar nauyin jiki da ƙarfin gudu tun daga sama har ƙasa, kuma dole ya iya yanka kwana da gefen falankin na ciki da na waje duka. Saboda haka galibinsu kan yi amfani da sandunan dogarawa masu ɗan guntun falanki a ƙasa, waɗanda ke zamewa tare da su suna tare su daga faɗuwa. Ana kiran wannan salo mai sawu uku, domin layi uku yake bari a kan ƙanƙara.

Salon ya samo asali ne a Jamus da Ostiriya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, a hannun sojojin da suka dawo gida da ƙafa ɗaya. Gasar Olamfik ta hunturu ta naƙasassu ta farko an yi ta ne a 1976 a garin Örnsköldsvik na ƙasar Suwidin, shekara ɗaya bayan yanke ƙafar Golden. Ke nan ta shigo wasan ne tun yana jariri, ba shi da kuɗi, ba shi da 'yan kallo, 'yan jarida kuma ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

Karatu da fara gasa

Golden ta yi sakandare a makarantar Lincoln-Sudbury. A shekararta ta kusa da ƙarshe ta shiga ƙungiyar zamiya ta makarantar, inda sauran 'yan wasan duk masu ƙafa biyu ne. A nan ta fara horo na gaske don ƙarfafa ƙafa da baya da hannuwa. Tana da shekara 17 aka ɗauke ta a ƙungiyar zamiya ta naƙasassu ta ƙasar Amurka.

Bayan sakandare ta samu gurbi a Kwalejin Dartmouth da ke garin Hanover a New Hampshire, ɗaya daga cikin tsofaffin manyan makarantun Amurka, wadda aka kafa a 1769, kuma ta yi suna wajen fitar da 'yan wasan zamiya. Ta karanci adabin Ingilishi, tana kuma horo tare da ƙungiyar kwalejin. A 1982, tana ɗaliba, ta shiga gasar naƙasassu ta duniya, ta ci zinare a tseren gangara da azurfa a babban silalom.

Barin wasa da dawowa

Ba a daɗe da wannan nasara ba ta jingine gasa. Zuciyarta ta fita daga harkar, ta karkata ga addini, ta shiga wata ƙungiyar Kiristoci masu wa'azin sabunta imani. Wani abin da ya dame ta a lokacin shi ne yadda jaridu ke ba da labarinta: abin da suke gani yarinya ce mai ƙafa ɗaya da ta jure wa ƙaddara, gwanintarta da wahalar horon da take sha kuwa ba a cika ambatonsu ba.

Ta kammala digiri a 1984, ta kama aiki a wani kamfani tana sayar da manhajar kwamfuta. Ana nan sai wata tafiya da aka ja ta zuwa kan dutse ta farfaɗo mata da son wasan. A 1985 ta koma ƙungiyar ƙasa. Wannan karon ta ɗauki wasan a matsayin sana'a: ta bar aikin ofis, ta nemi tallafi da kamfanonin da za su ɗauki nauyinta, don ta samu damar yin horo ba tare da raba hankali ba. A zamanin ba a saba ganin naƙasasshen ɗan wasa yana rayuwa da wasansa kaɗai ba.

Shekarun tashe

Cikin shekara guda da dawowarta ta zama wadda ake gudu a rukuninta. A gasar duniya ta 1986, wadda aka yi a Sälen ta ƙasar Suwidin, ta ci zinare uku. A gasar ƙasar Amurka ta 1987 ta lashe silalom da babban silalom da tseren gangara da gasar haɗaka, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. A 1988 ta sake yin haka.

Shekarar 1988 ita ce ƙololuwar tashenta. A watan Janairu ta ci zinare biyu a gasar Olamfik ta hunturu ta naƙasassu a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. A watan Fabrairu aka buɗe babbar gasar Olamfik ta hunturu a Calgary, inda aka sa tseren naƙasassu a matsayin wasan nuni, wato wanda ake yi a gaban 'yan kallon Olamfik amma ba a sa lambobinsa a jadawalin ƙasashe. An taɓa yin irin wannan nuni a Sarajevo a 1984, sai dai maza kaɗai suka yi. A Calgary aka fara sa mata. Golden ta zo ta ɗaya a babban silalom, 'yan ƙasarta biyu, Cathy Gentile da Martha Hill, suka zo na biyu da na uku.

Wannan tsere shi ya fito da ita ga jama'ar da ba su taɓa sanin akwai irin wannan wasa ba. A shekarar ce mujallar Ski Racing da Kwamitin Olamfik na Amurka suka zaɓe ta gwarzuwar shekara a cikin mata 'yan zamiya na ƙasar. Zaɓen bai keɓanta ga naƙasassu ba, da ita da masu ƙafa biyu aka haɗa aka zaɓa.

Gasarta ta duniya ta ƙarshe ita ce ta 1990 a Winter Park da ke jihar Colorado, inda ta sake cin zinare uku. A shekarar ta yi ritaya tana da shekara 27.

Tsere da masu ƙafa biyu da Dokar Golden

Tun da ta dawo wasa Golden ta lura cewa a rukunin naƙasassu abokan karawarta kaɗan ne, kuma ƙarfe ba ya kaifi sai an goga shi da ɗan uwansa. Don haka ta riƙa shiga gasannin da hukumar zamiya ta Amurka ke shiryawa domin kowa da kowa. Ta kuma ajiye sandunan dogarawa masu falanki, ta koma riƙe sandunan da masu ƙafa biyu ke riƙewa. Sandunan dogarawa suna ba da kariya amma suna da nauyi kuma suna rage gudu. Ajiye su na nufin duk daidaiton jiki ya koma kan ƙafa ɗaya, abin da ya sa ta sha faɗuwa kafin ta ƙware.

Babbar matsalar da ta tarar a waɗannan gasanni ita ce jerin tashi. Bisa al'ada, waɗanda suka fi maki su ake fara saki, marasa maki kuma su zo a ƙarshe. Kowane ɗan wasa da ya wuce yakan kankare ƙanƙarar a gindin turaku, ta yadda kafin a kai ga na ƙarshe hanyar ta zama ramuka da kwaroro, kamar hanyar ƙauye da manyan motoci suka bi da damina. Mai ƙafa biyu idan rami ya fizge masa ɗaya yana iya tsayawa da ɗayar. Mai ƙafa ɗaya ba shi da wannan madogara. Naƙasassu kuwa kusan kullum a ƙarshen jeri suke, don ba su da makin da zai kai su gaba, kuma ba za su samu makin ba muddin a kan lalatacciyar hanya suke tsere.

Golden ta matsa wa hukumar lamba a kan wannan, har a 1985 aka amince da wata ƙa'ida da ta ba naƙasassu damar tashi bayan gwanaye 15 na farko, tun hanya ba ta lalace ba. Aka sa wa ƙa'idar suna Dokar Golden. Sunan ya zo daidai ta fuska biyu, domin a Ingilishi ma'anar sunanta ita ce na zinare. Dokar ba ta rage wa naƙasasshe tsawon hanya ba, ba ta ɗauke masa turke ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa agogo ba. Abin da ta ba shi kawai shi ne hanya mai kyau irin wadda gwanaye ke samu. A 1987 Golden ta zo ta 10 a wata gasar hukumar, ita kaɗai ce mai ƙafa ɗaya a cikin waɗanda suka yi tseren.

Ra'ayinta game da naƙasa

A hirarrakinta da jawabanta Golden ta sha nuna rashin jin daɗi idan aka yabe ta da jarumtaka don kawai tana zamiya da ƙafa ɗaya. A ganinta irin wannan yabo tausayi ne aka yi wa ado, kuma yana nuna cewa tun farko ba a sa ran naƙasasshe zai iya komai ba. Ba ita ta zaɓi cutar ba, don haka ba ta ga abin yabo a cikin rashin ƙafa. Abin da ta zaɓa shi ne horo da gasa, a kansu take son a yi mata hukunci, a yaba idan ta yi daidai, a kushe idan ta gaza.

Wannan matsayi ya zo ne a daidai lokacin da naƙasassu a Amurka ke neman a mayar da al'amarinsu batun haƙƙi maimakon sadaka. A 1989 aka kafa Kwamitin Olamfik na Naƙasassu na Duniya, a ranar 26 ga Yuli, 1990 kuma shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a wajen aiki da sufuri da wuraren jama'a.

Bayan ritaya

Da ta bar gasa sai ta koma gabatar da jawaban ƙarfafa gwiwa a makarantu da kamfanoni da tarurruka, ta kuma yi suna a wannan fage. Ta zauna a jihar Colorado, ta koyi hawan duwatsu da igiya. Daga cikin duwatsun da ta hau akwai Rainier da ke jihar Washington, mai tsayin mita 4,392, wanda ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa.

Rashin lafiya, aure da mutuwa

A 1992, tana da shekara 29, aka gano tana da sankarar mama. An yi mata tiyata aka cire duka biyun. A cikin jinyar likitoci suka ga wani tsiro a mahaifarta da ke iya rikiɗewa ya zama sankara, suka cire mahaifar, abin da ya yanke mata fatan haihuwa. Wannan ya jefa ta cikin matsanancin ƙunci, har ta yi yunƙurin hallaka kanta a 1993. Ta samu kulawar likitoci ta farfaɗo, daga baya kuma ba ta ɓoye wannan babi na rayuwarta ba, ta yi magana a kansa a fili.

Ta koma jawabanta, amma a 1996 cutar ta dawo ta bazu, likitoci suka shaida mata cewa ana iya rage mata ƙarfi amma ba a iya warkar da ita. Sai ta bar Colorado ta koma New England kusa da danginta. A nan ta sake haɗuwa da Steve Brosnihan, mai zanen barkwanci, wanda suka san juna tun a Dartmouth. Sun yi aure a watan Agusta na 1997, yana sane da halin da take ciki, suka zauna a jihar Rhode Island. Daga lokacin aka riƙa kiran ta Diana Golden Brosnihan.

Ta mutu ranar 25 ga Agusta, 2001 a birnin Providence na jihar Rhode Island, tana da shekara 38.

Lambobin yabo

1986: Lambar Beck ta hukumar zamiya ta Amurka, wadda ake ba ɗan ƙasar da ya fi yin fice a gasar ƙasa da ƙasa.

1988: Gwarzuwar shekara a cikin mata 'yan zamiya, daga mujallar Ski Racing da kuma Kwamitin Olamfik na Amurka.

1991: Lambar Flo Hyman ta Gidauniyar Wasannin Mata. Waɗanda suka riga ta karɓa su ne Martina Navratilova da Jackie Joyner-Kersee da Evelyn Ashford da Chris Evert.

1997: An sa sunanta a zauren tunawa da gwanayen zamiya na Amurka, da kuma zauren tunawa da gwanayen mata 'yan wasa na duniya.

2006: An sa sunanta a zauren gwanayen Olamfik na Amurka, shekara biyar bayan mutuwarta.

Abin da ta bari

An kafa wani asusu da sunanta domin tallafa wa matasa naƙasassu masu son shiga tseren zamiya da kayan wasa da kuɗin horo, domin tsadar kaya na cikin abubuwan da ke hana da yawansu farawa. An kuma sa wa wani jerin gasannin masu tasowa sunanta a arewa maso gabashin Amurka.

Wasan da ta bari a 1990 ya sauya ƙwarai. Tun daga 1992, lokacin da aka yi gasar a Tignes da Albertville na ƙasar Faransa, ake gudanar da Olamfik ta hunturu ta naƙasassu a inda aka yi babbar gasar, a shekara guda. Daga gasar Turin ta 2006 aka tattara 'yan wasa zuwa rukuni uku, masu tsayuwa da masu zama da masu larurar gani, ana daidaita lokacin kowa gwargwadon naƙasarsa, don a samu abokan karawa da yawa a kowane tsere. A 2022 kuma hukumar zamiya ta duniya ta karɓi ragamar tseren naƙasassu, ta yadda hukuma ɗaya ce yanzu ke kula da masu ƙafa biyu da masu ƙafa ɗaya.